Tara ga Yuni da Gashin Bakin Akawu

Abu biyu Akawu yake taƙama da su a duniya, ƙwaƙwalwarsa da gashin bakinsa. Ita ƙwaƙwalwar sai dai abin da ya faɗa, amma gashin bakin kowa ya gani da idonsa. Shekara arba'in reza ba ta raɓe shi ba. Ya yi kauri, ya yi fari fat, ya murɗe hagu da dama kamar ƙahon rago, har da matajinsa na musamman a aljihun gaba da 'yar kwalbar mai. In Akawu zai sha shayi sai ya ɗage shi da yatsa biyu tukuna, in kuwa zai shara ƙarya sai ya murza gefen dama. Gefen daman nan ya fi na hagu sheƙi nesa ba kusa ba.

Shekara talatin da biyar ya yi a ofishin rajistar haihuwa da aure da mutuwa na yankin, shi ne mai buga hatimi a kan kowace takarda. Yakan ce yana iya buga ɗari biyu ido rufe yana hira, kuma a nan kam gaskiya ya faɗa, don ba a taɓa ganin ya dubi takarda ba, ba a kuma taɓa jin ya yi shiru ba. Da ya yi ritaya sai ya tare a bencin ƙofar shagon Mai Aski, ya mai da shi ofis. Kullum da safe rediyon shagon yakan karanto abubuwan da suka faru a rana irin ta yau, wane yaƙi ya ƙare, wa aka haifa, wa ya riga mu gidan gaskiya. Akawu yakan jira sai mai rediyo ya faɗi shekara, sannan ya gyaɗa kai ya ce daidai ne, yaron yana ƙoƙari. Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne ba a taɓa ambatar layinsu ba, balle shi.

Wata safiya Mai Aski yana cikin yi wa Direba aski, sai ya ce cikin raha shi dai yana jiran tara ga Yuni ya ji ko za a faɗi sunansa, tunda takardarsa ta ce ranar aka haife shi. Direba ya ɗago da rabin kai a aske ya ce ai shi ma tara ga Yuni ne. Tela, wanda ya leƙo aron almakashi, ya ce ikon Allah, takardar aurensa ma haka ta ce.

Akawu ya miƙe tsaye a hankali. Ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya ce su kuwa sun san abin da suka taka? Ya ce shi dama ya daɗe yana zargin akwai wani abu a ranar nan, kawai yana jiran hujja ne. Hannunsa na kan gefen dama lokacin da yake faɗin haka.

Kafin azahar ya sayi sabon littafi mai bango ja, ya fara bin gida gida yana sallama yana neman a fito masa da takardu. Aka riƙa jawo akwatuna daga ƙarƙashin gado, ana kwance ledoji, ana karkaɗe ƙura. Kuma wallahi abin kamar almara. Gidan farko haihuwa biyu, tara ga Yuni. Gida na biyu aure ɗaya da rasuwa ɗaya, tara ga Yuni. A gidan Mai Katako 'ya'ya shida ya samu, kowanne da shekararsa, amma duk tara ga Yuni, har Akawu ya miƙa wa Mai Katako hannu ya ce shi bai taɓa ganin mutum mai tsari irinsa ba. Waɗanda takardunsu suka zo da wata rana dabam, manya sosai ko ƙanana sosai, sai ya mayar musu cikin tausayi ya ce su yi haƙuri, ba kowa ke da rabo ba.

A kwana na uku ya yi kiciɓis da Masinja a bakin layi. Shi wannan tsoho ne mai sanyin magana da suka yi aiki tare tun suna samari, shi ke share ofis, ya zuba tawada, ya juya kwanan wata a jikin hatimi kowace safiya. Masinja ya rusuna ya ce, "Yallaɓai, akwai 'yar magana game da hatimin nan." Akawu ya ce ya sani, ya sani, tsohon hatimin yana nan a kabad ɗinsa tun da aka kawo sabo, kuma za a nuna shi ga jama'a, kada Masinja ya damu, shi ma za a ba shi kujera. Ya wuce ya bar shi da baki buɗe. Shekara da shekaru haka suke, Masinja bai taɓa kai ƙarshen jimla a gaban Akawu ba.

Da ya koma gida ya baje takardu a kan tabarma, ya ƙirga abu ɗari da arba'in da uku. Maiɗakinsa tana tsintar shinkafa a faranti tana kallonsa ta wutsiyar ido. Shekararsu arba'in da ɗaya tare, ta san in ya fara huci ta hanci haka, to wani abin kunya na tafe. Ta tambaye shi, shi da ya buga takardun nan da hannunsa, bai tuna ya taɓa yin aiki a wata rana ban da tara ga Yuni ba? Ya ce ai shi ya sa duk shekara hannunsa ke ciwo a watan Yuni, ashe dalili ke nan. Can ta tashi ta buɗe akwatinta, ta ɗauko wata takarda da ta yi ruwan ƙasa don tsufa, ta ajiye masa a kan tarin.

"Ga tamu, Malam. Ita ma tara ga Yuni ce."

Ya ce madalla, ɗari da arba'in da huɗu ke nan. Ko buɗe ta bai yi ba.

Ranar taron ƙungiyar layi, wanda ake yi a ƙofar shagon Mai Aski saboda inuwa, Akawu ya zo da littafinsa a hammata. Ya ce duniya kaf ba a taɓa samun rana mai nauyin tara ga Yuni ba, kuma a layinsu ta sauka. Yana so a ba shi dogon bangon siton nan na bakin layi a rubuta komai da fenti, a yi bikin buɗewa ranar tara ga wata, a gayyato masu rediyo su zo su ga abin da suka yi shekaru suna tsallakewa. Ciyaman na ƙungiyar, mutum mai son a ɗauke shi hoto, ya fara gyaɗa kai tun kafin a gama.

Sai Ungozoma ta yi gyaran murya daga bayan mata. Tsohuwa ce da rabin layin suka faɗo duniya a hannunta, ba ta karanta ko harafi, amma ba ta manta ko atishawa. Ta ce ita ta karɓi haihuwar Mai Aski ana sanyi har da kaskon wuta a ɗaki. Direba kuma ana zafi kamar za a gasa mutum. Babban ɗan Mai Katako ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ta ce a fahimtar da ita, sanyi da zafi da damina duk a rana ɗaya suke zuwa?

"Inna, yanayin da ba irin na yanzu ba ne," in ji Akawu.

"To kai a wace duniyar kake da?"

"Ina ofis, ina aiki da hujja. Ke da ka kike magana, ni da hatimin hukuma. Mutum yana mantuwa, hatimi ba ya yi."

Jama'a suka ɗan yi guna-guni, shi kuwa Akawu da ya ji ana neman raina masa hankali sai jini ya hau masa ka. Ya dafa gashin bakinsa ya ce kowa ya shaida, in aka samu kwanan wata ɗaya tak da ba daidai ba a jikin bangon nan, Mai Aski ya aske masa wannan a bainar jama'a. Mai Aski, wanda tun yana koyon sana'a yake mafarkin wannan rana, ya tashi ya ɓare sabuwar reza, ya rataye ta a ƙusa kusa da madubi inda duk mai wucewa zai gani. Ciyaman ya yanke hukunci cewa an ba da bango, kuma ba za a ƙaryata takarda da baki ba, sai da hujja. Masinja ya ɗaga hannu daga can gefe, Akawu ya ce an rufe taro.

Daga nan layi ya rikice. Mutane suka kasu biyu, 'yan tara ga Yuni da sauran talakawa. 'Yan tara suka fara tafiya suna buɗa kafaɗa, har wata ta ce wa maƙwabciyarta ta daina shanya a igiyarta tunda ita 'yar sha bakwai ga Oktoba ce. Wani saurayi ya zo da takardarsa an kankare an gyara da biro, Akawu ya kore shi ya ce tarihi ba wasan yara ba ne. Makanike, ƙanin Direba uwa ɗaya uba ɗaya, ya leƙa littafin ya ga ashe shi da yayansa rana ɗaya shekara ɗaya aka haife su. Tun daga ranar ya daina ce masa Yaya, ya ce ai tagwaye ne, kuma wa ya sani ko shi ya riga fitowa. Uwarsu ta fito da muciya tana rantsuwa cewa wata goma sha ɗaya ne tsakaninsu, ɗaya a farkon shekara ɗaya a ƙarshenta. Akawu ya ce mata wahalar naƙuda takan sa mace ta ga lokaci ya yi tsawo.

A cikin binciken kuma ya gano wata shekara da mutum tara suka rasu a layin a rana guda. Nan take ya sa mata suna Babbar Annoba, ya ce za a yi mata shiru na minti ɗaya. Tsofaffi suka ce su ba su tuna wata annoba ba. Ya ce firgici ne ya shafe musu, haka manyan masifu suke yi.

Mai Fenti ya fara aiki da manyan baƙaƙe kamar na allon talla, Akawu yana ƙasa riƙe da tsani yana ba da umarni. Da aka kai layi na arba'in aka ga rabin bango ya ƙare, sai baƙaƙen suka fara ramewa. A na tamanin sun koma kamar rubutun jarida, a na ɗari da ashirin sai ka durƙusa ka kanne ido. Akawu ya ce Mai Fenti bai iya tsara wuri ba, ya sauko ya ga yadda ake yi. Ya hau tsani da gwangwani a hannu yana waiwaye yana bayani, tsani ya zame, ya sauko da gwangwanin a ƙirji. Allah ya kiyaye ƙashi, amma gefen dama na gashin bakin ya koma shuɗi. Kwana biyu maiɗakinsa tana goga masa kananzir yana ihu, ita kuwa tana gogawa da ƙarfin da ya wuce bukata.

A rana ta ƙarshe Mai Fenti ya ce saura wurin layi ɗaya tak a ƙasan bango, kuma abu biyu suka rage: auren Akawu da maiɗakinsa, da kuma sa hannun mai bincike. Akawu bai ko yi dogon tunani ba. Ya ce aure ai kowa na yi, bincike kuwa sai wane da wane. Aka rubuta BINCIKEN AKAWU, MASANIN TARIHI, har da ja masa layi biyu. Takardar auren ya cusa ta a aljihu ya manta, sai maiɗakinsa ta tsince ta washegari tana shirin wanki. Ta je bakin layi ta bi bangon da ido daga sama har ƙasa, ta dawo gida. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, fiye da yadda ta zata zai yi bayan shekaru arba'in da ɗaya. Masinja ya zo gidan har sau biyu a ranar, Akawu ya aika a ce masa masani yana hutawa.

Tara ga Yuni ta waye da rana tas. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, an ɗaura lasifika a jikin falwaya. Masu rediyo ba su zo ba, amma Akawu ya ce sun ji kunya ne. An lulluɓe bangon da labulen falon gidansa guda huɗu, waɗanda ya kwance tun da sassafe ba da sanin mai su ba. Shi kansa ya sha babbar riga, gashin baki ya sha mai, in ban da ɗan shuɗi-shuɗin da ya rage a dama. A kan teburi ga tsohon hatimi a kan farantin tangaran, ga tawada, ga tarin takardun yabo da za a raba wa 'yan tara. Mai Aski ya zauna a layin gaba da wani abu a naɗe cikin tawul a cinyarsa.

Ciyaman ya ja igiya don buɗe bango, labule bai motsa ba. Ya ƙara ja, sai sandar gaba ɗaya ta taho ta lulluɓe shi da mai hoto. Da aka tono su aka yi tafi duk da haka, Akawu ya karɓi makirfo ya fara karatu da muryar mai rediyo.

Haihuwa goma na farko sun tafi lafiya, kowa ya ji sunansa ya miƙe ya ɗaga hannu. Da aka zo Babbar Annoba aka yi shiru, kowa ya sunkuyar da kai. Cikin shirun nan sai muryar wata dattijuwa ta fito sarai, tana tambayar ta kusa da ita wai ya aka yi mijinta da yayansa suka mutu rana ɗaya, alhali mijin nata shi ya yi wa yayan wanka, ya karɓi gaisuwa, ya ƙara wata huɗu a duniya? Lasifika ta kwashe maganar ta watsa har ƙarshen layi. Akawu ya ce mutanen da suna da juriya, ya yi maza ya juya shafi.

Da ya san abin da ke shafin da bai juya ba. Ya karanta auren Mai Burodi da matarsa, tara ga Yuni, shekara kaza. Aka yi tafi, Mai Burodi ya miƙe yana washe baki. Ya karanta layi na gaba, haihuwar 'yarsu ta fari, tara ga Yuni, ya faɗi shekara, sai ga ta ita ce dai shekarar auren. Tafin ya mutu a hannun mutane. Wani daga baya ya ce ashe an ɗaura da safe an sauka da yamma. Wata ta ce burodi ma ai yana jira ya tashi.

Matar Mai Burodi mace ce mai jiki da murya. Ta miƙe, kujerar roba ta biyo ta, ta fizge ta ta yar. Ta ce watanta goma cif a ɗakinta kafin ta haihu, Ungozoma ga ta nan da ranta, kuma yau ko Akawu ya goge layin nan ko ta goge shi da gashin bakinsa. Mai Burodi yana riƙe ta yana cewa a yi haƙuri, da ɗaya hannun kuma yana laluben sandar labule. Direba da Makanike suka ga an buɗe fili, suka tayar da tasu rigimar. Ciyaman yana ta buga teburi ba mai jin sa.

Akawu ya ga ruwa na neman ƙare wa ɗan kada. Ya ɗauki hatimin ya ɗaga sama da hannu biyu, ya ce kowa ya natsu, ga alƙali. Ya ce wannan ƙarfen shi ya buga kowace takarda a cikin waɗannan, kuma yanzu za su ga ko yana ƙarya. Ya dangwala a tawada, ya buga a kan farar takarda, ya miƙa wa Ciyaman. Ciyaman ya gyara tabarau ya karanta: tara ga Yuni. Akawu ya juyo ga jama'a yana murmushi, ya ce to yau nawa ga wata? Aka amsa masa a sanyaye. Ya ce ya gama magana.

A nan ne maiɗakinsa ta tashi. Ba ta dubi mijinta ba. Ta zare makirfo daga hannun Ciyaman, ta taka har ƙarshen rumfa inda aka ajiye Masinja kusa da randar ruwa, ta sa masa a hannu ta ce ya yi maganarsa har ƙarshe, ita za ta tsaya masa.

Masinja ya miƙe yana kakkaɓe riga. Ya ce, "Yallaɓai, juya mana shi zuwa gobe."

Akawu ya yi dariya ya ce wannan ai aikin masinja ne, amma ba komai. Hatimin yana da 'yan tayoyi uku na roba, na rana, na wata, na shekara. Ya sa babban yatsa ya tura na rana. Bai motsa ba. Ya tura na wata, ko gezau. Na shekara kawai ke juyawa sumul. Ya sa farce, farce ya karye. Ya juya wa jama'a baya ya sa haƙori. Makanike ya matso ya sa filaya, Direba ya riƙe masa gindin hatimin, su biyun suka yi ta nishi har suka manta suna faɗa, tara ga Yuni tana nan daram kamar an gina ta. Zufa ta fara bin gashin baki tana ɗiga shuɗiya a kan babbar riga.

Masinja ya ce tun shekara arba'in da ɗaya haka yake. Wata safiya Akawu ya faɗo ofis da sababbin kaya yana rawar jiki, ya ce takarda ɗaya kawai zai buga ya tafi ana jiransa. Ya buga, ya juya da sauri, ya jefa hatimi cikin kwalbar gam a maimakon mazauninsa. Kafin Masinja ya gani gam ya bushe a ciki. Ya wanke iya wankewa, tayar shekara ta saki, sauran biyun suka ƙi. Ya ce ya je ya faɗa washegari, da jibi, da mako mai zuwa, kullum Yallaɓai yana cewa ya sani, ya sani. Haka aka yi shekara goma sha ɗaya ana buga tara ga Yuni wa duk wanda ya shigo, har aka kawo sabon hatimi.

Ungozoma ta tambaya wace takarda ce ya zo bugawa da gaggawa haka.

"Ta aurensa, Inna. Ranar aka ɗaura," in ji Masinja.

Dariyar da ta ɓarke ba a taɓa jin irinta a layin ba. Matar Mai Burodi ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki. Makanike ya dubi Direba ya sosa ƙeya ya ce, to Yaya, a yi haƙuri. Akawu kuwa yana tsaye da hatimi a hannu, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya buɗe baki zai ce dama gwada su yake yi, hannunsa har ya kama hanyar gefen dama, sai ya haɗa ido da maiɗakinsa. Ta ciro tsohuwar takardar nan daga jakarta ta ɗaga. A cikin abu ɗari da arba'in da huɗu, ita kaɗai ce aka tabbatar ta faru a ranar, kuma ita kaɗai ce ba ta a bango. Hannun ya sauka da kansa.

Mai Aski ya kwance tawul ɗinsa a nutse. Ciyaman ya so ya ce a yafe, amma Akawu ya jawo kujera tsakiyar rumfa ya zauna da kansa, ya ce shi bai taɓa saɓa alkawari ba, kuma wannan karon hannunsa na kan gwiwa. Aka shafa kumfa. Ya rufe ido, ya ji rezar ta ɗauke gefen dama mai shuɗi, sannan ta hagu, ya ji iska ta taɓa inda ba ta taɓa ba tun yana saurayi. Hawaye ya taru masa, ya ce kumfa ce ta shiga ido. Da aka goge aka miƙa masa madubi bai karɓa ba, maiɗakinsa ya duba, yana jiran ta gama da shi.

Ta daɗe tana kallonsa, kanta a karkace. Sannan ta yi wata 'yar dariya da ya manta tana da ita.

"Au, ashe kai ne. Wannan dai shi na aura, sai ya shige bayan gashi ya bar ni da masani."

Washegari Mai Fenti ya shafe bangon da fari tun daga sama har BINCIKEN AKAWU. Maiɗakin ce ta riƙe tsani, ita ta ba da umarni, kuma baƙaƙen ba su rame ba don layi biyu ne kawai. Na sama ya ce a rana irin ta tara ga Yuni aka ɗaura auren Akawu da maiɗakinsa. Na ƙasa ya ce a rana irin ta kuma aka aske masa gashin baki.

Akawu ya yi kwana uku bai leƙo waje ba. A na huɗu ya fito ya zauna a bencinsa, yatsunsa suna ta laluben abin murzawa suna dawowa a banza. Wani baƙo da ya zo aski ya tambayi labarin bangon, Akawu ya gyara zama ya ce ai shi ne mutum ɗaya tilo a layin da tarihi ya ambata har sau biyu a rana guda. Mai Aski ya duba, Masinja ya duba, suka rasa inda za su kama shi, don wannan karon gaskiya ya faɗa.